Alhaji No-Taim Ya Je Neman Aure

A kasuwar Diffa, idan ka ce kana neman Alhaji Ɗan Azumi, sai an tsaya ana tambayarka wanne daga ciki. Amma ka ce Alhaji No-Taim, ko mai tallar ƙanƙara za ta miƙa hannu ta nuna maka butik ɗinsa, wato shagonsa, ta kuma ƙara maka da cewa ba lalle ka same shi ba. Kalmar a bakin direbobin Maiduguri ya tsince ta, tun zamanin da yake rakiyar buhunan tattasai zuwa can, kuma iyakar Turancinsa ke nan a duniya. Da ka buɗe baki za ka ja gaisuwa sai ya ɗaga maka tafin hannu, ya ce, "No taim, no taim, babu lokaci." Yana faɗa yana fassara wa kansa, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga mota.

Kada a zalunce shi, ba marowaci ba ne. Badamagare ne, ɗan kasuwa jikan ɗan kasuwa, hannunsa kuwa a sake yake. In an yi haihuwa a unguwa, ragonsa ne kan fara isa. In an yi rasuwa, kafin a dawo daga maƙabarta buhun shinkafarsa yana ƙofar gida. Shi ne dai ba ya isa. Ko ya je, a bakin tabarma yake tsugunawa, takalmi bai gama fita daga ƙafa ba, salularsa biyu suna kuka a aljihu, ya shafa fatiha ya miƙe. Matarsa A'i ta daɗe da daina ƙorafi. Abincinsa ma a kwano mai murfi take zubawa, don ta san rabinsa a mota za a ci.

To, wannan bawan Allah ne zuwa neman aure ya faɗa wa.

Ɗansa Al'amin shi yake aikawa kwarin Komadugu sayen tattasai duk shekara. Saurayi ne mai sanyi, ba ka jin motsinsa, har uban kan yi mamakin inda ya gado wannan hali. A Shetimari, garin manoman tattasai da ke yamma da Diffa, Al'amin ya saba da wani dattijo Babarbare da ake kira Ba Kashim, daga nan kuma ya saba da 'yarsa Nafisa, mai koyarwa a makarantar garin. Suka so juna. Alhaji ya ji labarin a bakin A'i yana ɗaura agogo, ya ce madalla, ya tura ƙannensa da goro da alewa da turame har bayan mota ya ƙi rufuwa. Aka karɓe su hannu bibbiyu, aka ciyar da su, aka sallamo su da magana guda: Ba Kashim ya ce ba ya ba da 'ya ga gidan da bai ga maigidan ba.

"Ya gan ni ya yi me da ni?" in ji Alhaji. "Ni zan aure ta?"

Aka sa rana, ya ɗaga. Aka sake sawa, kaya suka iso daga Damagaram. Haka abin ya yi ta ja, har wata safiya da Alhaji ya fito da sauri zai shiga mota, ya tarar da Al'amin tsaye a jikin ƙofar, bai kuwa kauce ba.

"Baba, ban taɓa tare ka a hanya ba."

"To, yau ma kada ka fara. Lahiya?"

"Dangin Ba Kashim sun matsa masa ya ba ɗan wansa Nafisa. Ita ta faɗi wanda take so, amma shi ya ce musu ran Juma'a zai ba su amsa. In bai gan ka ba kafin nan, shi ke nan. Baba, ba kuɗi na roƙe ka ba. Ka tahi da kanka."

Alhaji ya dube shi, duba irin wanda ya daɗe bai yi masa ba, ya ga wuyan yaron ya zama siriri a cikin riga. Abin ya soke shi, domin yana son ɗan nan so na gaske, sarari ne kawai bai taɓa samu ba na faɗa masa.

"Gobe zan tahi," ya ce. "In na dawo ba tare da alkawarinta ba, kada ka sake ce mini Baba."

"Na gode. Amma Baba, in kun je, duk abin da ya miƙo maka..."

Salula ta yi ƙara. Alhaji ya ɗaga hannu, ya manna ta a kunne, mota ta tashi.

Washegari ya tsara abinsa tsaf a cikin kai, yadda yake tsara komai. A fita da hantsi, a gaisa, a roƙi yarinya, a shafa fatiha, a juyo. Da azahar yana da mutanen duwan, wato kwastan, da zai gani kan wata motar kayansa da suka tsare, da la'asar kuma ana lodin tattasai. A'i ta miƙo masa babbar riga mai aiki, ta ce, "Alhaji, da ka bar wayoyin nan a gida, yau kaɗai." Ya ce in ya bar su wa zai riƙe masa kasuwa, ita? Direbansa Bubakar ya ja mota suka hau kwalta. A shingen sojoji aka tsayar da su a layi, Alhaji ya fita ya shiga, ya sake fita, ya leƙa gaba ya dawo, har wani soja ya tambayi Bubakar ko fitsari ne ya matse maigidan nasa.

Ba Kashim dogo ne siriri, gemunsa fari tas, yana tafiya sai ka ce ƙasar ce yake jin tausayi. Hausarsa irin ta Barebari ce, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba. Ya taryi baƙonsa a ƙofar gida, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Wushe, wushe, Alhaji. Lale, lale."

Bai saki hannun ba sai da suka zauna. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiyar hanya. Ya tambayi mutanen Damagaram kamar jiya ya baro su, ya tambayi kasuwa, ya tambayi zafi, har sauro sai da ya tambaya. Alhaji yana ta zuba "lahiya lau" ba ƙaƙƙautawa, yana fatan ya ƙarar da tambayoyin. Da aka ɗan yi shiru ya ja numfashi zai shiga magana, sai dattijon ya taɓa ƙirji ya ce, "Wushe," aka koma farko. Ana cikin haka maƙwabta suka fara shigowa, kowa da tasa gaisuwar cikakkiya, babu wanda ya yarda a ce ta wani ta ishe shi.

Ya Kellu, uwar Nafisa, ta aiko da ruwan tsamiya mai sanyi, sannan burabusko da miyar kifi. Alhaji ya tura salularsa ƙarƙashin cinya don kunya, suna ta ɓari a can. Ya yi loma kaɗan ya wanke hannu.

"Ba Kashim, abin da ke tahe da ni..."

"Ci abinci, Alhaji. Magana ba ya gudu."

Ya sake sa hannu, ba don yunwa ba. Inuwar zauren ta fara janyewa daga ƙofa, kuma duk janyewar da ta yi a cikinsa yake jin ta. Da aka kwashe kwanuka, maƙwabta suka watse, Alhaji ya gyara zama ya ce yanzu kam an zo wurin. Sai dattijon ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Yau ranar ban ruwa ne. Tashi mu tahi lambu."

Suka bi ta bayan gari a ƙasa, Bubakar yana biye da mota can nesa. Komadugu ta cika ta batse, ruwan yana tafiya a hankali tsakanin itatuwa. Daga bakin gaɓa lambun ya miƙe, an yanka shi fangali-fangali, wato ƙananan gadajen shuka, kowanne da ɗan shingensa na ƙasa, tattasai a ciki wani kore wani ya fara ja. Ba Kashim ya ja igiyar injin ban ruwa, ya yi tari ya kama, ruwa ya hau magudana. Sannan ya shiga 'yar bukkarsa ya fito da fartanya biyu, ya miƙa wa Alhaji ɗaya.

Ga abin da kowa ya sani a Shetimari, ban da Alhaji. Ba Kashim ba ya yin babbar magana a cikin gida, domin gida cike yake da mata da yara, zana kuma ba ta tare murya. A lambu yake yin ta, ranar ban ruwa. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya ya sare bakin fangali ruwa ya shiga, sai a tsaya a jira ƙasa ta ƙoshi, sannan ɗayan ya toshe da laka a matsa gaba. A cikin wannan jiran ake magana, kaɗan-kaɗan, fangali bayan fangali. A nan aka sha raba gardamar iyakar gona, a nan aka mayar da auren da ya kusa mutuwa. Akwai waɗanda suka shekara suna kai da komo a ƙofarsa ba su samu ya miƙa musu fartanya ta biyu ba. Abin da Al'amin ya so ya faɗa ke nan jiya a jikin mota.

Alhaji ya karɓi fartanyar, ya juya ta a hannu, ya dubi rigarsa mai aiki. Ya ce a ransa, saboda Al'amin. Ya naɗe hannuwan rigar a kafaɗa, ya shiga, takalminsa ya nutse.

Dattijon ya sare bakin fangali na farko. Ruwa ya shiga yana rarrafe, yana shinshinar gindin kowane tattasai kafin ya wuce. Suka tsaya. Alhaji ya ɗaga ƙafa ya sauke, ya dubi agogo, ya dubi ruwan kamar zai tura shi da ido.

"Ya isa?"

"Da saura."

Da ƙyar ya isa. Alhaji ya kwaso laka ya toshe, rabinta a kan wandonsa, suka matsa na gaba. Ba Kashim ya jingina da ƙotar fartanya, idonsa a kan ruwa.

"Kafaɗar yaronka ya daina ciwo?"

"Wace kafaɗa?"

"Wanda buhu ya faɗo masa bara. Ya daɗe yana yi mini ban ruwa da hannu ɗaya."

"Au, wannan. Ta warke sarai," in ji Alhaji, wanda yau ya fara jin labarin.

Maganar ta ɗan tsaya masa a rai, amma salula ba ta bari ta zauna ba. Yaron shagonsa ne, wai mutumin duwan ya ce in Alhaji bai zo ba zai tashi. Bai gama da wannan ba ɗayar ta ɗauka, masu lodi suna gardama da direba. Ya riƙe fartanya a hammata, waya a kowane kunne, yana ba da umarni ta nan yana rarrashi ta can. Ba Kashim ya toshe fangalin da kansa.

Da Alhaji ya sauke wayoyin ya ɗaga kai, sai ya ga abin da ya kusa sa shi zama a ƙasa. Fangalin sun jeru har can gindin wasu itatuwa da ƙyar ido ke kaiwa, su kuwa ko layin farko ba su ci rabi ba. A wannan tafiya, rana ma sai ta faɗi ta bar su a nan. Kuma har yanzu ba a ko ambaci sunan Nafisa ba.

Ya dubi dattijon, ya ga ƙashin haƙarƙarinsa ta wuyan riga, ya ga injin guda ɗaya tilo an ɗaure masa baki da roba. Sai tausayi ya kama shi, tausayi na tsakani da Allah. Ashe abin da ke nan ke nan. Bawan Allah ba shi da masu aiki, ba shi da abin ɗaukarsu, kunya kuma ta hana shi faɗa, shi ya sa har baƙo yake miƙa wa fartanya. Ta yaya mutum zai saurari maganar aure alhali shukarsa na jin ƙishirwa? A sauke masa nauyin nan, sai ya samu sukunin zama. Irin wannan matsala kuwa Alhaji ya san maganinta tun yana yaro.

"Ba Kashim, ina zuwa yanzun nan."

Ya jingine fartanya, ya haura gaɓa har yana tuntuɓe. A bakin hanya akwai wata inuwa inda magidanta ke zama jiran aikin yini, yawancinsu mutanen da rikici ya raba da garuruwansu suka daɗe a nan. Alhaji ya tafa hannu ya ce dukansu yake so, kowa ya ɗauko fartanyarsa, zai biya fiye da yadda aka saba. Ya tura Bubakar ya yi hayar injin maƙwabci, ya sayo mai. Kafin ka ce me, ga shi ya juyo a gaban runduna, riga na tashi a iska.

Da suka iso bakin lambun, babbansu, wani mai suna Mala, ya ja ya tsaya.

"Alhaji, nan ai lambun Ba Kashim ne. Shi ya ce mu zo?"

"Ni na ce."

"Na ga fartanya biyu ne a ciki, shi ya sa na tambaya."

"Yanzu za su zama da yawa. Ku shiga, no taim!"

Mala ya dubi dattijon can tsakiyar lambu, ya dubi 'yan'uwansa. Mai iyali ba ya mayar da aikin yini, suka shiga. Inji na biyu ya tashi, ƙara ta haɗu da ƙara har mutum ba ya jin na kusa da shi. Ruwa ya cika magudana yana gudu. Maza suka bazu, wannan na sarewa wancan na toshewa, layi-layi suna cinyewa. Alhaji ya hau kan tudu yana nuni da hannu, zuciyarsa fari ƙal. Yau ya yi aikin lada, ya kuma ceci yininsa.

Ba Kashim ya daɗe tsaye inda aka bar shi. Can ya fito daga cikin shukar a hankali, ya ɗauki fartanyar da Alhaji ya jingine, ya haɗa da tasa, ya tsuguna a bakin magudana ya wanke su tas, ya mayar bukka. Da aka kashe injuna ya bi masu aikin ɗaya bayan ɗaya yana yi musu sannu, yana sa musu albarka. Su kuwa suka karɓi haƙƙinsu suka zame, babu wanda ya yarda ya haɗa ido da shi.

Alhaji ya sauko yana murmushi, yana karkaɗe hannu.

"To, Ba Kashim, an huta. Yanzu sai mu yi maganarmu."

"A ina?"

"Ko'ina mana. Nan ma ya yi."

Dattijon ya dubi lambun daga wannan gefe zuwa wancan. Kowane fangali ya sha ya ƙoshi, ruwa na ƙyalli a ƙarƙashin ganye.

"Na gode da taimako, Alhaji, Allah ya saka. Amma ni maganar da na tanada maka, daidai tsawon lambun nan na auna shi. A nan nake magana, ubana ma a nan ya yi. Yanzu babu inda zan sa shi."

Ya juya ya kama hanyar gari.

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Alhaji gaba ɗaya: tambayar Mala, da kafaɗar da aka fara da ita, da maganar da Al'amin bai ƙarasa ba. Ashe tun da aka miƙo masa fartanya aka buɗe masa ƙofa, shi kuma ya sa kuɗinsa ya ɗauko mutane suka rufe ta. Ya tuna abin da ya ce wa yaron da bakinsa, gumi ya keto masa. Ya bi dattijon da gudu-gudu, mutumin da duk Diffa shi ake bi.

"Ba Kashim, don Allah! Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Zan dawo ban ruwa na gaba, mu yi shi mu biyu tun daga farko."

"Juma'a zai riga shi zuwa. Ƙasar nan ta sha na kwanaki."

Salula ta ɗauki kuka. Alhaji ya ciro su duka biyun ya kashe, abin da ko a masallaci bai cika yi ba. Ya rasa abin da zai miƙa, don duk abin da ya iya miƙawa shi ne ya jawo masa wannan. Sai kawai ya zauna a kan shingen ƙasa, cikin laka, da babbar rigarsa.

Ba Kashim ya tsaya ya dube shi. Ya dawo, ya zauna kusa da shi. Tsuntsaye suka sauko suna shan ruwa a magudana. Alhaji ya ƙudura a ransa ko za a kwana a nan ba zai fara magana ba, ba zai dubi agogo ba. Ya kuwa cika alkawari, sai dai ƙafarsa ta dama ta ci amanarsa, tana ta rawa ita kaɗai. Ya danne ta da hannu, ta hagu ta karɓa. Dattijon yana kallon ƙafafun, har ya ɗan murmusa.

"Alhaji, kai mutumin kirki ne," ya ce daga ƙarshe. "Hannunka a buɗe, na gani yau. Yaron kuma na san shi, ya daɗe yana riƙe mini fartanyan nan, ba sai na tambayi kowa ba. Abin da na so in gani, gidan da Nafisa zai shiga."

Alhaji ya buɗe baki zai lissafa abin da ke gidan, ya tuna, ya rufe.

"Yarinyar nan mai surutu ne. In ya taso daga lakwal, makarantar da yake koyarwa, sai ya ba ni labarin kowane yaro, wa ya yi kuka, wa ya zo ba takalmi. Ni da uwarsa muna zaune muna ji. A gidanka, in ya yi ciwo, na san likita zai zo, babba ma. Wanda zai zauna ne ban gani ba." Ya tsinke wani ganye yana murzawa. "Na ba Al'amin. Amma ba zai kai ta Diffa ba. Akwai hili bayan gidana, ya gina, su zauna nan. In ya yarda, ku turo a sa rana. In bai yarda ba, ran Juma'a na san abin da zan ce wa dangi."

Ya miƙe, ya kama hannun Alhaji ya tashe shi, ya raka shi har mota da gaisuwar sallama mai tsawo kamar ta tarya.

A hanya Alhaji bai kunna waya ba. Bubakar yana ta satar kallonsa a madubi, don bai taɓa tuƙa shi cikin shiru ba. Shi kuwa Alhaji yana ta juya maganar a ransa. A danginsu, tun daga Damagaram, ɗa gidan uba yake kawo mata, ba a taɓa jin an ɗauke namiji an kai shi gidan surukai ba. Wannan abin faɗa ne a kasuwa. Amma ba kasuwar ce ta fi damunsa ba, yaron ne. Ta yaya zai dubi Al'amin ya ce masa kuɗin Nafisa shi ne ya bar gari, ya bar butik, ya bar gidan ubansa, ya koma cikin laka da sauro? Kuma duk saboda garajen uban. Ya yi ta shirya kalmomi yana rushewa. Zai ce masa ya kwantar da hankali. Zai tura limamin unguwa, zai tura manyan Damagarawa, in ta kama ya koma da kansa ya yi ta ban ruwa har dattijon ya sauko. Ɗansa dai ba zai bar gida ba.

Bai bi ta duwan ba, bai leƙa wurin lodi ba. Ana fitowa daga sallar la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Al'amin yana zaure, da ganinsa tun safe yake nan. A'i tana tsaye a bayansa da gyale a kafaɗa. Suka ga rigar, suka ga takalmin, babu wanda ya iya tambaya.

"Ya ba ka," in ji Alhaji.

Al'amin ya rufe fuska da tafin hannu. "Alhamdu lillahi."

"Tsaya tukuna, da sharaɗi. Amma kada ka sa komai a ranka, ni zan gyara, laihina ne." Ya nemi kalmomin da ya shirya, suka gudu, sai ya faɗe ta yadda take. "Wai ba za ka kawo ta nan ba. Wai sai dai ka gina a Shetimari, bayan gidansa, ku zauna can."

Ya jira ya ga fuskar yaron ta faɗi. Har ya ɗaga hannu zai dafa shi.

"A Shetimari?" in ji Al'amin. "Shi ya ce haka da bakinsa? Hilin nan mai kallon lambu?"

Sai dariya ta kuɓuce masa, dariya mai ƙarfi har da buga cinya, irin wadda Alhaji bai san ɗansa yana da ita ba. "Alhamdu lillahi!" ya sake cewa, wannan karon har maƙwabta suna iya ji. Ya juya wajen uwarsa, ita ma idonta ya kawo ruwa, ba ta kuwa yi kama da wadda labarin ya zo wa ba-zata ba. Can ya tuna a gaban wa yake. Ya haɗiye dariyar, ya sunkuyar da kai, amma ya makara, uban ya riga ya gani.

"Ba ka so in je in roƙe shi ya janye?" Alhaji ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"A'a, Baba, kada ka wahalar da kanka. Ka yi mini komai." Ya durƙusa ya kama hannun uban da hannu biyu, cikin ladabi da godiya ta gaskiya, babu ko ɗigon gori a ciki. "Ai ba nisa. Zan riƙa zuwa gaishe ka. Sai in riƙa tambayar Inna tukuna, in ji ranar da kake gida."

Alhaji ya ce to. Ya sauke hannun da ya ɗaga, bai kai ga kafaɗar ba.